Ranar Hutu Ba Giɓi Ba Ce: Raddi Ga Masu Cike Ta Da Gumi

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin masu motsa jiki da ketulbel, dunƙulen ƙarfen nan mai mariƙi a ka da ya fito daga Rasha. Sukan ce tsarin horon da ya tsaya a kan motsi biyu ko uku ya yi kaɗan, don haka duk ranar da tsarin ya ce a huta, sai mutum ya nemo abin da zai cike ta da shi. Ya fita gudun kilomita goma, ya yi tsallen igiya har riga ta jiƙe, ya bi da tsallen kwaɗo, ko ya shiga gidan ɗaga ƙarfe ya yi wa ƙirji da damtse aiki. A wurinsu ranar da gumi bai zuba ba ta tafi a banza, kuma mai zama ranar hutu yana neman mafakar lalaci ne kawai.

Ba na raina masu wannan ra'ayi. Su ne ke tashi da asuba lokacin da wasu ke ƙara jan mayafi, kuma a zamanin da zaman kujera da kallon waya ke cinye lafiyar jama'a, mai gudun zama wuri ɗaya yana da hujjarsa. Akwai gaskiya a maganarsu, zan kuma nuna inda take. Amma a kan ainihin batun ina ganin sun kauce hanya, domin sun ɗauki ranar hutu tamkar giɓin da mai tsara horon ya manta bai cike ba, alhali da gangan aka ajiye ta a wurin.

Mu ɗauki tsarin da ya fi shahara a wannan fage. Pavel Tsatsouline, haifaffen birnin Minsk da ya koma Amurka ya yaɗa wannan ƙarfe tun daga 2001, ya fitar da littafinsa Simple & Sinister a 2013. Motsi biyu ne kacal a ciki. Na farko lilo: a riƙe ƙarfen da hannu ɗaya, a tura ƙugu baya ya wuce ta tsakanin cinyoyi, sannan a miƙe da ƙarfi ya yi sama zuwa daidai ƙirji. Ana yin sau 100, goma-goma har zagaye goma. Na biyu tashin Turkawa: mutum ya kwanta rigingine, ƙarfen na hannunsa a miƙe sama, ya tashi mataki-mataki har ya tsaya cak, ya sake komawa ya kwanta ba tare da hannun ya lanƙwashe ba. Sau biyar dama, sau biyar hagu. Matakin farko da ake so namiji ya kai shi ne lilo 100 da kilo 32 cikin minti 5, ya huta minti ɗaya, ya yi tashi 10 da wannan nauyin cikin minti 10. Ga mace kuwa kilo 24 ne a lilo, 16 a tashi.

A takarda abin kamar wasa. To amma a yi lissafi. Mai yin wannan kwana biyar a mako ya yi lilo 500, a wata ya yi 2,000, kuma kowane ɗaya ƙarfe ne da ke fizgar yatsu, yana jan kafaɗa, yana neman lanƙwasa gadon baya, mutum na hana shi. Ɗuwawu da bayan cinya da tsokokin baya da na ciki da damƙar hannu duk suna cikin aiki. Ƙarancin motsin da ake gani ƙarancin iri ne. Nauyin da ke sauka a kan gaɓoɓin nan kuwa ba kaɗan ba ne, kuma a kan gaɓoɓi iri ɗaya yake sauka kullum.

Sai kuma wani abu da ya keɓanci wannan ƙarfe. Asalinsa ma'aunin hatsi ne a kasuwannin Rasha, kuma nauyinsa na gargajiya yana bin tsohon ma'auninsu na pud, wanda ya ɗan haura kilo 16. Shi ya sa aka saba da mai kilo 16, da mai 24, da mai 32. Mai ɗaga doguwar sanda a gidan ƙarfe yana iya ƙara kilo biyu da rabi a mako, jikinsa bai ma lura ba. Mai ketulbel idan zai bar 16 ya kama 24, rabin nauyin da ya saba da shi ne ya ƙaru a lokaci guda. Daga 24 zuwa 32, kashi ɗaya bisa uku. Irin wannan tsalle ba ya yiwuwa ga jikin da kullum yake cikin sauran gajiyar jiya. Yawancin waɗanda na ga sun maƙale wata da watanni a kan ƙarfe ɗaya ba ƙarancin ƙoƙari ne ya tsayar da su ba, ƙoƙarin ne ya watsu a wurare da yawa.

Dalilin yana cikin yadda jiki ke ƙara ƙarfi. A lokacin horo mutum raguwa yake yi: makamashin da tsoka ta adana yana ƙarewa, zaren tsokar yana samun 'yan ƙananan raunuka, damƙa tana saki. Gyaran yana zuwa daga baya. Masanin sinadaran jiki Nikolai Yakovlev, wanda ya yi aiki a Leningrad a tsakiyar ƙarni na 20, ya nuna cewa bayan aiki tsoka ba ta tsayawa a mayar da abin da ta rasa, takan ɗan zarce inda take a da, muddin an ba ta lokaci. Binciken da ya biyo baya ya nuna ginin tsoka yana ci gaba da ƙaruwa na awa 24 zuwa 48 bayan horo mai nauyi. Jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi kuwa sun fi tsoka jinkiri nesa ba kusa ba, saboda jinin da ke isa gare su kaɗan ne. Nan ne matsalar take ɓuya. Tsoka takan ce ta shirya, gwiwar hannu da kafaɗa ba su shirya ba, sai bayan makonni mutum ya fara jin wani zogi a gefen gwiwar hannu da ba ya tafiya.

Duk wanda ya taɓa gini ya san ranar da aka zuba kankare ba ita ce ranar da ya yi ƙarfi ba. Barinsa ake yi, ana yi masa ban ruwa safe da yamma, injiniyoyi ma sai ya cika kwana 28 suke auna cikakken ƙarfinsa. Wanda ya ɗora masa bulo washegari don yana ganin jira ɓata lokaci ne, tsagewa zai gani. A lura dai, ba watsi ake yi da kankaren ba, ana kula da shi, sai dai ba a ɗora masa kaya.

Wani zai ce, to ɗan dako fa, da mai ga-ruwa, da manomi a tsakiyar damina? Waɗannan ba su san ranar hutu ba, ga su kuma da ƙarfi kamar me. Tambaya ce mai kyau. Amma a duba yadda suke aikin. Ɗan dako ba ya ɗaukar iyakar abin da zai iya, yana ɗaukar abin da zai iya maimaitawa daga safe zuwa yamma, da takun da ya saba, yana zama a inuwa tsakanin kaya da kaya. Jikinsa ya ɗauki shekaru yana sabawa. Sannan ba ya neman ya ƙara kilo takwas a kan kayansa nan da wata uku, abin da ya ɗauka bara shi yake ɗauka bana. Kuma idan aka zauna da dattawan wannan sana'a aka tambaye su labarin baya da gwiwa, za a ji cewa rashin hutun nan akwai kuɗin da ake biya a kansa.

Shi kansa Tsatsouline ya tsara Simple & Sinister don a riƙa yin sa kusan kullum, kuma masu cike ranar hutu sukan kafa hujja da wannan. Sai dai sharaɗin da ya gindaya shi ne a huta tsakanin zagaye da zagaye har numfashi ya dawo mutum ya iya magana, a kuma tashi daga horon da sauran ƙarfi a jiki. Tsere da agogo gwaji ne da ake yi jefi-jefi. Horon da aka yi a haka ne ake iya maimaitawa gobe. Wanda ya mayar da kowace rana gasa, sannan ya ɗauki ranar da ya kamata ya sarara ya ƙara mata gudu mai tsanani, ya bar tsarin tuntuni, sunan kawai ya rage. An je neman ƙiba an samo rama.

Yanzu ga inda nake tare da su ɗari bisa ɗari: hutu ba kwanciya ba ne. A 1966 a birnin Dallas na Amurka, masu bincike suka kwantar da samari biyar 'yan shekara 20 a gado na mako uku, ba tashi. Ƙarfin zuciyarsu da huhunsu na sarrafa iska ya ragu da sama da kashi ɗaya bisa huɗu. Bayan shekara 30 aka sake kiran mutanen nan aka auna su, sai aka tarar mako ukun nan na kwanciya ya fi yi musu illa a kan shekara talatin na tsufa. Wanda ya ji wannan ya ƙi yarda ya wuni a kan katifa yana danna waya, ya yi daidai. Amma mako uku a gado daban, kwana ɗaya ko biyu ba tare da ɗaga ƙarfe ba daban. Ƙarfin tsokar da aka gina ba ya zubewa cikin kwana biyu. Yawanci sai an yi mako biyu zuwa uku ba horo kafin a fara ganin raguwar a zo a gani. Tsoron da ke korar mutane zuwa filin gudu ranar Lahadi, cewa za su wayi gari Litinin sun koma baya, ba shi da tushe.

Tsakanin kwanciya da wahalar da kai akwai hanya ta uku, kuma daga Rashar aka fara bayyana ta. A 1903 masanin aikin jiki Ivan Sechenov ya gwada a kansa. Ya riƙa aiki da hannun dama har ya gaji, sannan ya kwatanta hutu iri biyu: zama shiru, da kuma motsa hannun hagu yayin da na dama ke hutawa. Sai ya ga na dama ya fi saurin farfaɗowa idan na hagu yana ɗan aiki. Gwajinsa a kan hutun 'yan mintuna ne, amma daga nan masu horar da 'yan wasa a Tarayyar Sobiyet suka ɗauki tunanin hutu mai motsi suka faɗaɗa shi. Abin lura shi ne gaɓar da ta gaji ba ita ake sake sa wa aiki ba, kuma aikin da ake yi mai sauƙi ne.

Saboda haka abu na farko da zan ce a yi ranar hutu shi ne tafiya a ƙasa. Na san wasu matasa za su ga kamar an raina su, wai tafiya aikin tsofaffi da masu hawan jini ce. Ina roƙonsu su sake dubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Ketulbel ya ɗauke na biyun har da ƙari. Na farkon ne tsarin bai cika ba, domin horon rabin awa mai cike da tsayawa ba ya ba zuciya irin dogon aikin nan mai natsuwa da take so. Tafiyar minti 40 zuwa awa ɗaya, da saurin da mutum zai iya hira da abokin tafiyarsa ba tare da haki ba, tana cike wannan gurbi, tana zagaya jini a cinya da baya, ba ta kuma taɓa damƙar hannu ko kaɗan. Keke a hankali ko iyo ga mai hali duk ɗaya ne. A lokacin zafi a yi ta bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya, a sha ruwa sosai.

Gaskiya ta biyu da ke hannunsu ita ce motsi biyu ba su game komai ba. Babu jan jiki sama a sanda, babu tura nauyi daga ƙirji, tsuguno ma a ɗumama jiki kawai ya shigo. Tsatsouline ya san da haka. A littafinsa na 2006, Enter the Kettlebell, ya raba mako zuwa kwana uku na ainihin horo, ɗaya mai sauƙi, ɗaya matsakaici, ɗaya mai nauyi, ya bar kwana biyu ga mai son canjin motsi, sauran biyun kuma hutu. Wato ƙofar ƙari a buɗe take. Rigimarmu a kan wurin da za a ajiye ƙarin ne da kuma yawansa. Bill Bowerman, wanda ya horar da 'yan gudu a Jami'ar Oregon, yana kuma cikin waɗanda suka kafa kamfanin Nike, ya yi suna da tsarin bin rana mai wuya da rana mai sauƙi, a lokacin da yawancin takwarorinsa ke ganin yawan gudu kullum shi ne nasara. Abin da ya gane shi ne idan ba a bar rana mai sauƙi ta yi sauƙi da gaske ba, rana mai wuya ba za ta yi kyau ba, sai duk makon ya zama tsaka-tsaki, ba ga hutu ba, ba ga aiki ba. Don haka mai son jan jiki a sanda ya yi zagaye biyu ko uku a ranar horo, bayan ya gama lilo da tashi, ya bar ranar hutu yatsunsa da gwiwar hannunsa su sarara. Haɗa lilo yau da rataya a sanda gobe da lilo jibi shi ne hanya mafi kusa zuwa ciwon gwiwar hannu, domin jijiyoyi iri ɗaya ne ke ɗaukar duka biyun.

Ƙwallo fa? Ba zan ce kowa ya bar ƙwallon yammacin Asabar da abokansa saboda wani dunƙulen ƙarfe ba. Zumuncin da ke cikinta da farin cikin da take kawowa sun fi ƙarin kilo takwas daraja. A buga. Abin da nake nema kawai shi ne a kira ta da sunanta. Awa ɗaya da rabi na gudu da birki da juyi horo ne mai nauyi ga cinya da agara, a lissafa ta cikin ranakun aiki, a nemi wata ranar ta zama ta hutu.

Sai barci, wanda a ganina shi ne babban aikin ranar hutu, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawara a 2015 cewa baligi ya riƙa samun aƙalla awa 7. A wani bincike da aka yi a Jami'ar Chicago aka wallafa a 2010, an sa mutane goma masu ƙiba a kan rage abinci iri ɗaya, wani lokaci ana ba su awa takwas da rabi a gado, wani lokaci biyar da rabi. Nauyin da suka rage kusan ɗaya ne, amma a lokacin ƙarancin barci kitse kaɗan ne ya tafi, mafi yawan abin da ya zube daga naman jiki ne. Mutumin da ke raba dare yana kallon waya, ya tashi asuba, sannan ya ƙara gudun safe a ranar hutunsa don ya ƙone tumbi, wannan binciken da shi yake. Kwanciya da wuri bayan isha'i da ɗan barcin rana sun fi masa amfani a kan gudun.

Abinci ma haka. Wasu na rage ci ranar hutu, wai ai ba su yi aikin komai ba, alhali a ranar ne jiki ke ginin. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje da dama, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna amfanin furotin ga mai ɗaga nauyi yana ƙaruwa har zuwa wajen giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyin jikinsa a rana. Mai kilo 70 ke nan yana neman giram 110 da ɗoriya. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, don haka sai an haɗa da wake, da awara, da ƙuli-ƙuli, da nono, da kifi ko nama gwargwadon aljihu, a rarraba su cikin abincin yini.

Hannu kuwa, duk mai lilo ya san kanta. Idan ta yi kauri a gindin yatsu, mariƙin ƙarfen zai naɗe ta ya ɓalle ta, a rasa mako guda ana jinyar tafin hannu. Ranar hutu a jiƙa hannu a ruwan ɗumi, a goge kantar da dutsen goge kaushi har ta kwanta, a shafa man kaɗanya. Minti goma na miƙa ƙugu da kafaɗa, da zaman tsuguno ba tare da nauyi ba, sun wadatar. Tsamin jikin da ke zuwa kwana ɗaya zuwa uku bayan horo ba wani sinadari ne da ya taru a tsoka da sai an kore shi da gumi ba, kamar yadda ake yawan faɗa. Sinadarin laktik da ake ɗora wa laifin yana barin jini cikin kamar awa ɗaya da gama aiki. Tsamin alamar gyara ce, tafiya tana rage jinsa, lokaci ne ke kawar da shi. Ciwo mai suka a cikin gaɓa kuwa, ko zogin da ke sauka daga baya zuwa ƙafa, ko dindirisar yatsu, wannan ba na ranar hutu ba ne, na likita ne.

Duk abin da na faɗa game da tafiya ya fi shafar ma'aikacin ofis, da mai zaman shago, da direba, da ɗalibi. Birkila da makaniki da manomi, da uwar gida mai daka da ɗiban ruwa da goyo, sun riga sun cika mintunan Hukumar Lafiya tun kafin Laraba. Su ranar hutunsu ta zama hutu sosai, kuma kwana uku na ƙarfe a mako ya ishe su. Haka wanda ya haura shekara hamsin, ko mai azumi, yana buƙatar tazara fiye da saurayi ɗan ashirin da biyar.

Ga ɗan'uwan da har yanzu bai gamsu ba, ba sai ya ɗauki maganata ba, jikinsa zai iya raba gardamar. Ya samu ɗan littafi ya riƙa rubuta nauyin da ya ɗaga, da mintunan da lilo 100 suka ɗauke shi, da bugun zuciyarsa na minti ɗaya da zarar ya farka kafin ya sauko daga gado. Ya yi mako huɗu yadda ya saba, ranakun hutu cike da gudu da tsalle. Sannan ya yi wasu mako huɗu da tafiya kawai da barcin awa bakwai a waɗannan ranaku, bai canja komai a horon ba. A duk ranar da ta biyo bayan hutu ya sa ido a kan lilo goman farko: ƙarfen yana tashi da kansa zuwa ƙirji ko sai an ja shi da kafaɗa, yatsu sun riƙe gam ko suna neman saki a na takwas, hannu yana tsayawa cak a tashin Turkawa ko yana rawa. Ya ajiye shafukan biyu gefe da gefe ya duba a wanne ne mintunan suka ragu.